Sharhi: Daga ina harsashi mai huda sulke yake shiga dazukan Arewa?

A ƙarshen watan Agustan 2024 wani hoton bidiyo ya bazu a wayoyin jama'a a arewacin Najeriya, inda aka ga ƙasurgumin ɗan bindigar nan Bello Turji da yaransa suna murna a gaban motocin yaƙi biyu masu sulke na sojojin ƙasar, waɗanda daga bisani aka cinna musu wuta.

Lamarin ya faru ne a yankin Kwashabawa da ke ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara. Hedikwatar tsaron Najeriya ta ce motocin sun maƙale ne a cikin taɓo, kuma sai da sojoji suka cire muhimman kayan da ke cikinsu kafin su bar su a wurin.

Shekaru uku kafin nan, a ranar 18 ga watan Yulin 2021, 'yan bindiga sun harbo wani jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, ko da yake matuƙinsa ya tsira da ransa.

Waɗannan abubuwa biyu sun nuna cewa masu ɗauke da makamai a dazukan arewa maso yamma sun daɗe da wuce matsayin ɓarayin shanu masu bindigar toka. Makaman da ke hannunsu a yau sun haɗa da waɗanda aka ƙera musamman domin su ratsa ƙarfe.

Zamfara na da nisa da Rano da Kibiya, amma batun ya shafi mazauna kudancin jihar Kano. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, yana kusa da su, kuma ya taɓa zama mafakar ɓarayin shanu da masu tare hanyar Kano zuwa Jos. A ƙarshen 2025 kuma 'yan bindiga daga ɓangaren Katsina sun riƙa kutsawa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, abin da ya kawo ƙarshen tunanin cewa jihar Kano ta tsira daga wannan fitina.

A duk lokacin da irin haka ta faru, abin da gwamnatoci suka saba yi shi ne sayen ƙarin motoci masu sulke da rigunan kariya su raba wa jami'an tsaro. Tambayar ita ce: shin sulke kaɗai zai iya wadatarwa?

Tsohuwar gasa

Gasa tsakanin abin da ake harbawa da abin da ake karewa da shi tsohuwa ce a ƙasar Kano.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke cikin rundunar Kano. Lifidi auduga ce da ake cusawa a tsakanin ƙyallaye a ɗinke, a rufe doki da mahayinsa da ita, domin kibiya ta nutse a ciki ta rasa ƙarfinta kafin ta kai ga fata. Sulke kuwa zobban ƙarfe ne da ake sarƙawa, wanda ke tare kaifin takobi.

Maharba ba su zauna haka nan ba. Sun riƙa shafa wa kibiyoyinsu dafi, ta yadda ko ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da doki ko mahayi.

Rano, wadda ke cikin Hausa Bakwai, ta san wannan zamani sarai. A ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano sun sha fama da hare-haren Ningawa, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru yana kai yaƙi wannan ɓangare. Ganuwa da duwatsu da dakarun lifidi su ne abin dogaron mutane a lokacin.

Duk wannan ya sauya cikin 'yan kwanaki a farkon 1903. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyar Rano, da igwa, sannan ta shiga birnin Kano a ranar 3 ga watan Fabrairu. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, mahaya dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu sun yi ta kai sura a kan sojoji 'yan kaɗan masu bindigogin zamani, amma lifidi da sulke ba su tare harsashi ba, kuma Wazirin ya rasu a wannan gumurzu.

Akwai wani abin lura a yaƙin Kano. Harsasan igwar Turawa ba su iya rusa jikin ganuwar ba saboda kaurinta, sai da suka koma kan ƙofa. Tun daga wancan lokaci har yau haka lamarin yake: mai kai hari ba ya neman inda kariya ta fi ƙarfi, inda ta yi rauni yake nema.

Yadda harsashin yake

Harsashin bindiga na yau da kullum yana da sassa huɗu: kwanso, da albarushin da ke cikinsa, da 'yar hular da ke gindi wadda ke tayar da wuta idan an buge ta, sai kuma kan harsashin, wanda shi ne ke fita ya tafi.

Wannan kai yawanci dalma ce ko ƙarfe mai laushi da aka lulluɓe da ɓawon tagulla. Na bindigar AK-47 nauyinsa bai wuce giram 8 ba, kuma yana fita daga bakin bindiga da gudun da ya ɗara mita 700 a cikin daƙiƙa guda. Idan ya bugi jikin mutum ko itace ko ƙofar mota, sai ya ratsa. Amma idan ya gamu da farantin ƙarfe mai tauri, sai ya baje ko ya tarwatse, ƙarfinsa ya watsu a kan fili mai faɗi.

Harsashi mai huda sulke an tsara shi ne domin kauce wa wannan bajewa. A cikinsa akwai ƙwaya mai tsini wadda ta fi farantin da za ta buga tauri. Lokacin da ya bugi ƙarfe, ɓawon waje yakan saɓule ya tsaya, ƙwayar kuma ta ci gaba, ta tattara dukkan ƙarfin harbin a kan ɗan wurin da bai fi bakin ƙusa ba.

Abubuwa uku ne masu ƙira ke nema: tauri, da nauyi mai yawa a cikin ƙaramin jiki, da gudu. Saboda haka ne suka tashi daga ƙarfen da aka ƙara wa tauri zuwa wani ma'adini mai suna tungstin, wanda ya ninka ƙarfe nauyi fiye da sau biyu.

Wannan fasaha ta bunƙasa ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Jamus sun fara amfani da harsashi mai ƙwayar ƙarfe a kan farantan da maharba ke fakewa a bayansu a cikin ramuka. Da Ingila ta fito da tankokin yaƙi na farko a fagen Somme a watan Satumban 1916, sai aka juya harsashin a kansu. Ingila ta ƙara wa tankokinta kauri a 1917, Jamus kuma ta mayar da martani a 1918 da wata doguwar bindiga mai faɗin baki milimita 13 da aka ƙera musamman domin tanka.

A manyan bindigogin tankokin zamani, ƙirar ta koma siffar makamin da garin Kibiya ke da suna irin nasa: wani dogon tsinke ne siriri mai fika-fikai a baya, wanda ba ya ɗauke da nakiya ko kaɗan, gudunsa kawai, wanda ya haura mita 1,500 a daƙiƙa, shi ke ratsa sulke.

Wasu ƙasashe suna yin wannan tsinke da ragowar yuraniyom da aka tace, wanda ya fi dalma nauyi da kusan kashi 70 cikin 100. Amurka da Ingila sun harba kimanin tan 300 na irinsa a yaƙin Tekun Fasha na 1991, kuma har yau ana muhawara kan illar ƙurarsa ga lafiyar jama'a. A 2023 ƙasashen biyu sun ba Yukiren irin waɗannan harsasai tare da tankokin da suka aika mata.

Abin da ke cikin daji

'Yan bindigar arewa maso yamma ba su da tankoki, kuma ba sa buƙatarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne manyan bindigogi masu jigida, waɗanda jama'a ke kira bindigar harbo jirgi.

Mafi yawansu ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet ce ko kwaikwayonta daga Sin da gabashin Turai, masu faɗin baki milimita 12.7 ko 14.5. Kan harsashin na farkon ya ninka na AK-47 nauyi kusan sau shida, kuma nau'insa mai huda sulke yana iya ratsa ƙarfe mai kaurin kusan milimita 20 daga nisan rabin kilomita. Na biyun kuwa asalinsa ma an ƙera shi ne domin bindigogin harbin tanka da sojojin Sobiyet suka yi amfani da su tun 1941.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan da bindigar AK-47 ta fuskar harsashi shi ne, a wurin manyan bindigogin, nau'i mai huda sulke ba wani abu ne na musamman ba. Yana daga cikin harsasan da aka saba ƙera musu. Duk wanda ya mallaki bindigar da akwatunan harsasanta, to akwai yiwuwar ya mallaki abin da zai ratsa motar sintiri.

Sai kuma roka samfurin RPG-7, wadda Sobiyet ta fara amfani da ita a 1961. Ita tana aiki ne ta wata hanya dabam, domin ƙarfin fashewa take amfani da shi wajen huda ƙarfe, ba gudun harsashi ba.

Birnin Kano ma ya taɓa ganin irin waɗannan makamai. A watan Mayun 2013 jami'an tsaro sun gano wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a wani gida da ke unguwar Bompai, maƙare da makaman harbin tanka da nakiyoyin binnewa da bindigogin AK-47 da dubban harsasai.

Iyakar sulke

Kalmar "mai hana harsashi shiga" da 'yan kasuwa ke amfani da ita tana yaudarar mutane. Kowane sulke yana da matakin da aka gwada shi a kai, kuma bayan wannan mataki ba shi da wani alkawari.

Rigar kariya mai laushi ana yin ta ne da zare irin Kevlar, wanda wata masaniyar kimiyya Ba'amurkiya, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Tana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin bam, amma harsashin AK-47 na yau da kullum ma yana ratsa ta. Kafin ta tare shi sai an saka mata faranti na ƙarfe ko na wani irin tangaran mai tsananin tauri. Mafi ingancin farantan tangaran ne kaɗai ke iya tsayar da harsashin bindigar kafaɗa mai huda sulke, kuma suna iya tsagewa idan sun faɗi ko sun tsufa. Babu rigar da ɗan Adam zai iya ɗauka wadda za ta tare harsashi mai milimita 12.7 daga kusa.

Haka abin yake ga motocin alfarma masu sulke da manyan 'yan siyasa da attajirai ke hawa. Akasarinsu an yi su ne domin tare harsashin bindigar kafaɗa na yau da kullum.

Idan aka ce a ƙara kaurin ƙarfe, sai nauyi ya ƙaru. Motar yaƙi mai jure nakiya takan kai tan 14 ko fiye. A kan kwalta ba ta da matsala, amma a cikin fadama da damina, ko a kan 'yar gadar ƙauye, nauyin da aka ɗora mata domin kariya shi ne ke zame mata tarko, kamar yadda aka gani a Kwashabawa. Mai babur kuwa ya bi ta cikin gona ya wuce.

Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Rano da Kibiya da Tudun Wada a watan Agusta, da rafukan da ke cika su tumbatsa, da duwatsun da ke kewaye da yankin, ya san cewa irin wannan mota ba ko'ina za ta shiga ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Harsashi ɗaya kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da motar da zai iya lalatawa. A 2013 an yi ta cece-kuce a Najeriya bayan da ta bayyana cewa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta sayi motoci biyu masu sulke ƙirar BMW a kan naira miliyan 255. Ko da gwamnati ta iya saya wa kowane ofishin 'yan sanda mota mai sulke, manomin da ke kai tumatir kasuwa da ɗalibar makarantar kwana da ɗan sa-kai mai bindigar toka ba za su taɓa samun wannan kariya ba.

Da yawa daga cikin 'yan sa-kai da mafarauta sun dogara ne da layu da abin da ake kira maganin bindiga. An sha samun rahotannin mutanen da suka rasa rayukansu wajen gwajin irin wannan magani da bindigar gida, balle a je ga harsashin da aka yi domin ratsa ƙarfe.

Ba aikin maƙera ba ne

A nan ne ƙirar harsashin take da muhimmanci ga masu tsara manufofin tsaro.

Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙera bindigar toka, kuma jami'an tsaro sun sha gano wuraren da ake ƙera bindigogi na zamani a ɓoye a jihohi irin su Filato da Binuwai. Amma harsashin yaƙi wani abu ne dabam. Yana buƙatar masana'anta mai injunan da ke aiki da awo na ƙasa da kaurin gashi, da sinadarai na musamman, da ɗakunan gwaji. Nau'i mai huda sulke kuwa ya fi kowanne wahala.

Samun ma'adinin ma bai isa ba. A duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, a can ƙuryar kudancin Kano, akwai dutsen da ake samun tungstin a cikinsa tare da kuza, kuma an haƙa ma'adinai a wurin tun zamanin Turawa. Amma tsakanin wannan dutse da ƙwayar harsashi akwai masana'antun tacewa da 'yan ƙasashe kaɗan ne suka mallaka. Ƙasar Sin ita ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na tungstin ɗin duniya, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sanya takunkumi kan fitar da shi, abin da ya tayar da hankalin masana'antun makamai na Turai da Amurka.

Ma'anar wannan ita ce, kowane harsashi mai huda sulke da aka harba a dajin Zamfara ko Katsina, daga wata masana'anta da wata gwamnati ta sani ya fito. An sayar da shi ga wata runduna bisa takarda, an ajiye shi a wani rumbu mai makulli, sannan a wani wuri ya ɓace.

Kuma harsashi ba kamar bindiga ba ne. Bindigar AK-47 tana iya shekara 40 tana aiki, amma harsashi sau ɗaya ake harba shi. Bindiga mai jigida tana cinye ɗaruruwa a cikin minti guda. Ƙungiyar da ba ta samun sabon kaya a kai a kai, manyan bindigoginta sun zama ƙarfen banza.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce ta Sahara. Bayan faɗuwar gwamnatin Kanar Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya sun watse, kayan suka bi ta Nijar da Mali da Chadi. Wani rahoto da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a watan Janairun 2020, bayan nazarin makaman da aka ƙwace a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara, ya gano waɗanda suka fito daga Libiya da rumbunan sojojin Kodebuwa, da kuma bindigogin da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya.

Ta biyu ita ce ta teku. A watan Oktoban 2010 an kama kwantenoni 13 a tashar Apapa ta Legas ɗauke da rokoki da harsasai daga Iran. A tsakiyar 2024 kuma hukumar kwastan ta sanar da kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas.

Ta uku, wadda ta fi ɗaci, ita ce ta cikin gida. Wancan rahoto na 2020 ya ambaci makaman jami'an tsaron Najeriya su kansu a cikin abin da aka samu a hannun 'yan bindiga. Wasu ana ƙwace su ne a lokacin da aka afka wa sansanin soja ko ofishin 'yan sanda, wasu kuma sayar da su ake yi.

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, ciki har da bindigogin AK-47 guda 88,078. A watan Mayun 2025 kuma rundunar Haɗin Kai da ke yaƙi a arewa maso gabas ta bayyana cewa an kama sojoji 18 da 'yan sandan kwantar da tarzoma 15 bisa zargin sayar da makamai da harsasai.

Idan ana iya rasa lissafin bindiga, wadda ke da lamba a jikinta, ba sai an faɗi yadda lissafin harsashi zai kasance ba.

Doka da bin sawu

Dokokin yaƙi na duniya ba su haramta harsashi mai huda sulke ba. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani ne da harsashin da ke buɗewa a cikin jikin mutum. Saboda haka kowace ƙasa ce ke tsara nata. Amurka, alal misali, ta kafa doka a 1986 da ta hana ƙera ko shigo da nau'in da ake harbawa da ƙaramar bindiga domin sayar wa jama'a, saboda kare 'yan sanda masu rigar kariya.

A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta riga ta hana farar hula mallakar bindigogin yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, kuma shigo da mota mai sulke ko rigar kariya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006, kuma ita ce ta farko a Afirka da ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. A 2021 ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka ba ta ƙarfin doka a 2024.

Ke nan ba ƙarancin dokoki ne matsalar ba. Abin da ya rage shi ne aikin lissafi da bin sawu.

A gindin kusan kowane kwanson harsashin yaƙi akwai alamar masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Wasu ƙasashe sun ƙara da lambar rukuni, wadda ke nuna ainihin rundunar da aka sayar wa kayan. Brazil ta wajabta hakan ga harsasan jami'an tsaronta tun bayan dokar 2003. Lokacin da aka harbe 'yar majalisar birnin Rio de Janeiro, Marielle Franco, a 2018, kwanson da aka tsinta a wurin ya nuna cewa harsasan na cikin wani rukuni ne da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006.

A watan Disamban 2023 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na kula da harsasai tun daga masana'anta har zuwa lokacin da za a harba ko a lalata su. Wata guda kafin nan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna, wanda aka kafa tun 1964. Da yake Najeriya na son ƙara yawan harsasan da take ƙerawa a gida, tana da damar ta wajabta lambar rukuni a kan kowane ɗaya, ta kuma sanya wannan sharaɗi ga kamfanonin waje da take sayayya a wurinsu.

Abin da ya rage wa kudancin Kano

Gwamnatin jiha da masarauta ba su da iko a kan rumbunan soja ko tashoshin jiragen ruwa. Amma harsashi ba ya tashi sama ya sauka a daji. A mota yake tafiya, a cikin buhunan hatsi da jarkokin manja da ƙarƙashin kujeru, kuma jami'an tsaro sun sha kama masu safararsa, har da mata, a kan hanyoyin da suka haɗa Filato da Nasarawa da arewa maso yamma. Hanyar Jos zuwa Kano, wadda ta ratsa Falgore da Tudun Wada, tana cikin manyan hanyoyin da suka haɗa waɗannan yankuna.

Tun 2017, lokacin da sojoji suka gudanar da atisayen Harbin Kunama na biyu wanda ya haɗa da dajin Falgore, aka ƙara yawan jami'an tsaro a yankin, kuma daga baya aka kafa wurin horar da sojoji a dajin. Wannan ya taimaka. Amma sojan da ke shingen bincike ba zai iya sauke kowace motar hatsi ba. Wanda ya san baƙuwar fuska da baƙon kaya shi ne shugaban tasha da ɗan kamasho da sarkin kasuwa da mai unguwa.

Masarautar Rano, wadda aka sake kafawa a 2024 da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu. Amfaninsu a wannan fanni ya dogara ne da abu guda: mai kai rahoto ya tabbata cewa sunansa ba zai koma kunnen wanda ya kai ƙara ba. Hakan kuma yana buƙatar gyara dangantaka tsakanin jama'a da 'yan sanda, wadda tarzomar da ta yi sanadin mutuwar babban jami'in 'yan sandan Rano a watan Mayun 2025 ta nuna irin raunin da take da shi.

Akwai kuma wani ƙaramin aiki da ake yawan sakaci da shi. Bayan kowane hari, yara kan tsince kwanson harsasai su yi wasa da su, ko a sayar wa 'yan gwangwan. Alhali kowane kwanso shaida ne. Idan aka tattara su, aka rubuta wuri da rana, aka miƙa wa hukumar da za ta adana bayanin, cikin 'yan shekaru za a iya gane ko daga ƙetare kayan suke zuwa ko daga rumbun gida.

Jami'in da ake turawa daji yana da haƙƙin a ba shi riga da mota mafi inganci, kuma babu mai jayayya da hakan. Sai dai tarihin Kano tun daga zamanin lifidi ya nuna cewa duk sulken da aka ƙera, ba a daɗewa ake samun abin da zai huda shi. Abin da 'yan bindiga ba za su iya yi da kansu ba shi ne ƙera harsashin. Matuƙar ba a toshe ƙofar da yake fitowa ba, kuɗin da ake kashewa kan sulke zai ci gaba da ƙaruwa, mutanen ƙauye kuma, waɗanda ba su da ko ɗaya, su ne za su ci gaba da biyan farashi mafi tsada.